Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Kunna Kyandir a Teburin Dinar Biki

Dinar biki ta zauna da gindinta a manyan garuruwanmu. Daga Kano zuwa Kaduna, daga Abuja zuwa Yamai, iyalai da yawa kan ware dare guda bayan ɗaurin aure, su kama ɗakin taro, a jera tebura, a yi musu ado. Cikin adon da muka aro daga Turawa har da ɗora kyandir a tsakiyar kowane tebur, a kewaye shi da furanni, a rage hasken lantarki domin wurin ya yi daɗin kallo, hoto kuma ya fito da kyau. Sai dai kukan da masu adon wuri da iyayen biki suka fi yi guda ne: an kunna kyandir da wuri, kafin ango da amarya su shigo rabi ya mutu, wani ya dalala ya ɓata ƙyallen tebur, wani kuma yana ta tuƙa hayaƙi har ya baƙanta gilashi.

Abu uku ne ke kashe kyandir: ko kakinsa ya ƙare, ko lagwaninsa ya nutse, ko iska ta yi masa yawa ko ta yi masa kaɗan. Duk ukun ana yi musu magani ne tun kafin a ƙyasta ashana, ta hanyar lissafi, da gwaji, da sa mutum guda ya ɗauki nauyin kula da wutar har a tashi.

Yadda kyandir yake ci

Wanda ya gane yadda kyandir yake ci, rabin aikinsa ya ƙare. Idan aka kunna lagwani, zafin wutar yana narkar da kakin da ke kusa da shi ya zama ɗan tafki. Zaren lagwanin sai ya riƙa tsotso narkakken kakin zuwa sama, zafi ya mai da shi tururi, tururin ya haɗu da iskar oksijin ya kama da wuta. Wato abin da ke ci shi ne tururin kaki, lagwani hanya ce kawai da ke kai masa abinci. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, ya yi wa matasa jerin laccoci 6 a Landan a kan wannan al'amari kaɗai, aka buga su littafi a 1861, domin a ganinsa akwai darussan kimiyya masu yawa a cikin wannan ɗan harshen wuta.

Kyandir madaidaici yana cin kimanin giram 6 na kaki a awa guda, yana kuma fitar da zafi kusan wat 80. Zafin harshen wutarsa yana kai digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, a wasu sassan ma ya wuce haka. Wannan lissafi yana da amfani ta fuska biyu. Na farko, yana nuna cewa tsawon ran kyandir ya danganta da nauyin kakinsa da kaurin lagwaninsa, ba da kyan kwalinsa ba. Na biyu, kyandir 100 da ke ci a lokaci guda cikin rufaffen ɗaki suna zuba zafi kusan wat 8,000, ban da zafin jikin jama'a. Idan na'urar sanyaya ɗaki ba ta da ƙarfi, baƙi za su fara fifita da katin gayyata, a buɗe tagogi, a ƙure fanka, daga nan kuma wutar ta shiga rawa.

Ku fara da ƙidaya awoyi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi kyandir bisa lokacin da aka rubuta a katin gayyata. Kati ya ce ƙarfe 7 na yamma. Kowa ya san jama'a ba za su cika ba sai bayan sallar isha'i, ango da amarya kuwa sau da yawa sai wajen ƙarfe 9 ake shigo da su. Bayan addu'a da jawabin iyaye da na abokan ango da ƙawayen amarya, a ci abinci, a yanka kek, a yi hotuna, kafin a tashi an tasar wa ƙarfe 11. Idan mai ado ya kunna wuta da ƙarfe 6 da rabi domin a ɗauki hoton wurin kafin mutane su shigo, ana buƙatar kyandir da zai yi awa 4 da rabi zuwa 5 bai mutu ba.

A kan wannan adadi ku ƙara awa 2. Dalili kuwa shi ne awoyin da kamfani ke rubutawa a jikin kwali an auna su ne a ɗaki marar iska, mai matsakaicin sanyi, a kan tebur madaidaici. Ɗakin biki yana da fanka, da zirga-zirgar masu raba abinci, da ƙofa da ake buɗewa ana rufewa. Saboda haka taron awa 5 yana son kyandir na awa 7 zuwa 8.

Haka ma wajen adadi. Idan tebur 30 ne, kowanne da kyandir 4, jimilla 120 ke nan. Ku ƙara kashi ɗaya cikin biyar, wato 24, domin waɗanda za su karye a hanya, da waɗanda za a tarar lagwaninsu ya kauce daga tsakiya, da waɗanda za a canza ana tsakiyar taro.

Ire-iren kyandir da tsawon ransu

Mafi araha kuma mafi yawa a hannun masu ado shi ne ɗan ƙaramin nan mai zama a cikin gwangwanin alminiyom, wanda 'yan kasuwa ke kira tilayit. Faɗinsa bai kai santimita 4 ba. Wanda aka fi samu a kasuwa awa 4 yake yi, kuma shi ne ya fi ba mutane kunya a dina, domin yakan ƙare daidai lokacin da taro ya yi armashi. Akwai na awa 6 da na awa 8, sun ɗan fi tsayi da nauyi. Idan wannan nau'in za ku yi amfani da shi, ku nemi na awa 8. Ku kuma sani cewa yana narkewa ne gaba ɗaya ya zama ruwa a cikin gwangwaninsa, don haka idan teburin ya karkata, lagwanin yakan zame ya kwanta ya mutu alhali da sauran kaki.

Na biyu shi ne gajere mai ɗan kauri da ake sawa a ƙaramin kofin gilashi. Yakan yi awa 10 zuwa 15, amma da sharaɗin kofin ya kama shi cif. Idan aka ajiye shi a kan faranti ko a kofi mai faɗi, kakin zai malale gefe, lagwanin ya rasa abin tsotsa, ya ƙare cikin 'yan awoyi. A cikin kofin da ya dace da shi kuwa, da wuya a sami wanda ya fi shi sauƙin sha'ani a dinar dare.

Na uku shi ne dogo siriri da ake kafawa a kan mariƙi. Ya fi kowanne ƙayatarwa, ya kuma fi kowanne son kulawa. Mai kyau yana raguwa da kimanin santimita 2 da rabi a awa, saboda haka mai tsawon santimita 25 zuwa 30 ya isa dare guda. Amma da zarar iska ta karkatar da harshen wutar, gefe guda zai narke ya tsage, kaki ya yi ta zuba, ransa ya ragu sosai. Ko da an rubuta a kwali cewa ba ya ɗiga, wannan alkawari na ɗakin da ba iska ne.

Na huɗu shi ne mai kauri da ke tsayuwa da kansa. Mai faɗin santimita 7 zuwa 8 yakan yi awa 30 ko fiye, don haka ba a fargabar ƙarewarsa, ana ma iya ɗaukarsa a sake amfani da shi a wani taron. Abin lura a kansa shi ne idan lagwaninsa ya yi masa ƙanƙanta, wutar takan haƙa rami ta nutse ciki, hasken ya dusashe ko da bai mutu ba.

Na biyar shi ne wanda ake ɗorawa a kan ruwa cikin doguwar kwalbar gilashi. Ƙaramin, mai faɗin santimita 5, yakan yi awa 4 zuwa 5. Babban, mai santimita 7 da rabi, yakan yi 8 zuwa 10. Ruwan yana sanyaya gindinsa, kuma idan gilashin ya faɗi ruwan yakan kashe wutar. Babban abokin gabarsa shi ne ɗigon ruwa a kan lagwani. A zuba ruwan tukuna bayan an ajiye gilashin a mazauninsa, sannan a kama kyandir ɗin ta lagwani a saukar da shi a hankali. Idan an watsa ganyen fure a cikin ruwan, a nutsar da su ƙasa, kada su yi yawo su tarar da wuta.

Farin kyandir na kanti, wanda ake saya don ɗauke wuta, bai dace da wannan aiki ba. Kakinsa yana da laushi, yana saurin ci, yana zuba, zafi kaɗan kuma ke lanƙwasa shi. Araha ba ta ado.

Kaki da zafin ƙasarmu

Yawancin kyandir da ke kasuwa an yi su ne da farafin, kakin da ake samu wajen tace man fetur. Yana narkewa tsakanin digiri 46 da 68, gwargwadon ingancinsa. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, yana ci a hankali, yana da ɗan ƙamshi na kansa, amma ya fi tsada. Akwai kuma sitiyarin, wanda ake samu daga kitse ko man ja. Yana da tauri, kuma ana gauraya shi da farafin domin dogon kyandir ya tsaya kyam ya rage ɗiga. Na waken suya kuwa yana da laushi, shi ya sa akasari a cikin kofi ake zuba shi.

Waɗannan alƙaluma sun shafe mu kai tsaye. A watan Afrilu zafin rana a Kano ko Sakkwato ko Damagaram yakan kai digiri 40 ko ya wuce, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Kwalin kyandir da ya wuni a but ɗin mota daga kasuwa zuwa wurin biki zai iya isa a lanƙwashe, ko ya manne da juna, ko lagwanin ƙananan ya kauce daga tsakiya. Ku ajiye su a ɗaki mai sanyi, nesa da taga, dogayen a kwance a kan abu madaidaici, ku kuma kai su wurin taron da sassafe ko bayan la'asar.

Akwai shawarar da ke yawo cewa a sa kyandir a firiza kafin biki domin ya daɗe yana ci. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, domin cikin 'yan mintuna zai dawo zafin ɗakin. Asarar kuwa a fili take: tsananin sanyi yana tsaga kaki, raɓar da ke taruwa a jikinsa bayan an fito da shi kuma tana jiƙa lagwani ya riƙa tartsatsi.

Ku guji kyandir mai ƙamshi a teburin cin abinci. Ɗakin bikinmu dama cike yake da turaren wuta da humra da ƙamshin girki. Ƙarin wani ƙamshin yana dagula su duka, yana kuma takura wa masu asma. Wanda aka cika wa rini ko ƙyalƙyali shi ma yakan toshe lagwani. Fari ko mai ruwan madara, marar ƙamshi, shi ya fi ci lafiya.

Iska da gilashi

Duk wanda ya taɓa amfani da fitilar ƙwai ya san sirrin wannan babi. Ƙwan gilashin yana tare iskar waje, ƙananan hudojin da ke ƙasa suna shigo da sabuwar iska, zafi da hayaƙi kuma suna fita ta sama. Abin da kyandir yake so ke nan: a kare shi daga bugun iska, amma kada a shaƙe shi.

Saboda haka kowane kyandir na tebur ya kamata ya zauna a cikin gilashi, kuma tsinin harshen wutar ya kasance ƙasa da bakin gilashin da kimanin santimita 5. Idan wutar ta leƙo sama da baki, gilashin bai tsinana komai ba. Amma kada gilashin ya yi zurfi da matsi. A cikin doguwar kwalba siririya, iska mai zafi da ke hawa tana karo da sabuwar da ke son sauka, sai wutar ta riƙa karkarwa, ta yi hayaƙi, ta baƙanta gilashi, wani lokaci ta mutu. A bar tazarar aƙalla yatsu biyu tsakanin jikin kyandir da gilashi ta kowane gefe. Idan kwalbar ta yi tsayi, a zuba tsakuwa ko farin yashi a ƙasa domin a ɗaga kyandir ɗin. A tabbata kuma gilashin mai jure zafi ne. Kofin shan ruwa marar kauri yana iya tsagewa idan wuta ta daɗe tana lasar gefensa.

Ku je ɗakin taron kafin ranar, ku sa a kunna fankoki da na'urorin sanyaya ɗaki kamar yadda za a kunna su a daren. Ku zaga da kyandir guda a kunne, ku ga inda wutar ke kwantawa. Teburan da ke ƙarƙashin fanka, da na bakin ƙofa, da na gaban na'urar da ke tsaye tana hura sanyi, su ne wuraren da za a fi shan wahala. Waɗannan sai a ba su gilashi mafi tsayi, ko a sa musu na batir.

Idan a fili za a yi taron, ƙarƙashin rumfa ko a lambu, yanayin shekara ne zai yi hukunci. Da hunturu iska busasshiya ce mai ƙarfi, komai ya bushe ƙayau, lokacin ne kuma aka fi samun gobara. Da damina guguwar da ke gabatar hadari tana iya kashe wutar tebur 30 cikin ƙiftawar ido, ƙwari kuma suna bin haske su faɗa cikin narkakken kaki. A fili, fitila mai murfi da hudojin iska ta fi buɗaɗɗen gilashi.

Lagwani

Kafin a kunna, a datse kowane lagwani ya koma kimanin milimita 6, a kuma miƙar da shi tsaye. Idan ya yi tsawo, wutar za ta yi girma, ta ci kaki da sauri, ta yi hayaƙi, kan lagwanin ya tara baƙin dunƙule. Idan ya yi gajarta, narkakken kaki zai shanye shi.

Wata dabara da ke rage wahala ita ce a kunna kowane kyandir na 'yan daƙiƙoƙi tun da rana, a kashe. Lagwanin da ya taɓa ƙonewa yana kama wuta nan take, sabo kuwa sai an ɗan daɗe ana riƙe masa wuta. A lokacin wannan ɗan gwajin ne kuma ake gano waɗanda suka zo da lahani a ware su.

A yi amfani da laita mai dogon baki, a tanadi guda 3 ko 4. Ashana ba ta isa ƙasan gilashi ba sai ta ƙona yatsa, kuma mai kunnawa yakan saki guntun a ciki. Guntun ashana a cikin kaki lagwani na biyu ne: yana kama wuta, ya ninka zafin, ya iya fasa gilashi.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Mako 2 kafin biki, ku sayi kwali guda na ainihin kyandir ɗin da kuke son amfani da shi, ku sa a ainihin gilashin, ku kunna a ɗaki mai fanka, ku duba agogo. Kada ku bar shi shi kaɗai. Ga dogo siriri ba sai kun jira ya ƙare ba: ku auna tsawonsa, ku bar shi ya ci awa guda, ku sake aunawa, sai ku raba tsawon farko da abin da wutar ta cinye, ku sami yawan awoyinsa. Ga ƙananan kuwa ku bar 3 ko 4 su ci har ƙarshe, ku ɗauki lokacin wanda ya riga mutuwa a matsayin ma'auni.

Idan mai ado kuka ɗauka, tambayar ba ta da nauyi: "Hajiya, kyandir ɗin nan awa nawa yake yi, kuma kin taɓa gwada shi a wannan ɗakin?" Mai sana'a ta gari za ta ji daɗin tambayar, ta ba ku amsa da adadi. Haka shi ma manajan wurin a tambaye shi tun kafin a biya kuɗi: "Ranka ya daɗe, kuna barin a kunna wuta a tebur? Idan kuna bari, da wane sharaɗi?" Wasu wuraren ba sa yarda sam, wasu sai a cikin gilashi. Gara a ji tun da wuri da a ji ranar biki bayan an kashe kuɗi.

Daren biki

Kada a kunna da wuri. Idan mai hoto yana son ɗaukar wurin kafin jama'a su shigo, a kunna masa tebur 2 ko 3 masu dogo ko mai kauri, a kashe bayan ya gama. Sauran a bari sai saura minti 20 zuwa 30 a fara shigar da baƙi da gaske, ba lokacin da kati ya faɗa ba. Mutum guda da ke ɓata daƙiƙa 10 a kan kowane kyandir zai yi minti 20 kafin ya gama 120, ban da tafiya tsakanin tebura. Mutum 3 za su gama cikin ƙasa da minti 10. A fara daga teburan nesa da ƙofa, a ƙare da na ango da amarya.

Daga nan sai aikin mai kula. A zaɓi mutum guda, babba mai natsuwa, wanda ba ya cikin masu raba abinci ko masu rakiyar amarya, a ce wutar nan amanarsa ce. Ya riƙe laita, da ɗan almakashi, da tire mai ɗauke da sababbin kyandir a cikin kofunansu. Ya zaga duk bayan rabin awa. Wanda ya mutu ko ya kusa ƙarewa, ya ɗauke kofin gaba ɗaya da tsumma ya ajiye sabo, maimakon tsayawa tonon lagwani a gaban baƙi. Lokacin da hankali ya koma kan fili, ana jawabi ko ana yanka kek, shi ne lokacin canji. Ba a barin kyandir ya ci har ƙasa: na cikin kofi a kashe shi idan kakin ya rage kimanin santimita 1, dogo da mai kauri kuwa idan ya rage santimita 5.

Rigakafin gobara

Tufafin bikinmu masu yalwa ne. Hannun babbar riga yana share tebur idan mai ita ya miƙa hannu gaisawa, gefen mayafi yana lilo idan mace ta sunkuya ta ɗauki jaka, yawancin leshi da net da mayafan zamani kuma da zaren roba aka saƙa su, wanda ke narkewa ya manne a fata. Ga furannin roba, ga labulen ado, ga balan-balan, ga tishu, ga takardun kuɗi da ke tashi lokacin liƙi, ga turaren fesawa da ke ɗauke da sinadari mai kama wuta. Ƙa'idar da masana kashe gobara suke bayarwa ita ce a bar tazarar santimita 30 tsakanin wuta da duk abin da zai iya kamawa, da kimanin santimita 8 zuwa 10 tsakanin kyandir da ɗan'uwansa. Ƙananan masu gwangwani idan aka cusa su wuri guda suna ɗumama juna har fuskar kakin gaba ɗaya ta kama da wuta. Gindinsu kuma yana zafin da zai iya narkar da teburin roba, don haka ba a ajiye su sai a kan gilashi ko tangaran. Kada a jera wuta a ƙasa a hanyar da amarya za ta bi da doguwar riga, kada kuma a sa a teburin yara.

A watan Satumba na 2023, gobara ta tashi a ɗakin biki a garin Ƙaraƙosh da ke gundumar Hamdaniya a Iraƙi, mutane fiye da 100 suka rasu. Tartsatsin wasan wuta da aka kunna a cikin ɗaki ne ya kama adon silin, kayan ginin masu saurin ci suka ƙarasa sauran cikin ɗan lokaci. Ba kyandir ne ya jawo ta ba, amma darasin ya shafi duk mai kunna wuta a cikin taro: ado mai kamawa, da cunkoso, da ƙarancin hanyar fita su ne ke mai da ƙaramar wuta babbar musiba. Kafin a fara taro ku ga tukunyar kashe gobara da idonku, ku tabbata ƙofofin fita ba a kulle suke ba, ba a kuma tare su da kujeru ko kulolin abinci ba. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112, ta 'yan kwana-kwana a Nijar kuwa 18.

Idan kaki ya kama da wuta a cikin kofi, kada a watsa masa ruwa, domin zai fantsama da wutar. A kife masa faranti ko murfin ƙarfe. Idan tufafin mutum ne suka kama, kada ya gudu. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo ko darduma mai kauri. Ƙuna kuma a sanyaya ta da ruwa mai gudu na kimanin minti 20, ba tare da shafa ƙwai ko man goge baki ko man ja ba, sannan a nufi asibiti. Bayan an tashi, mai kula ya bi tebur ɗaya bayan ɗaya ya kashe, ta hanyar rufe bakin gilashin ko hurawa a hankali, a kuma jira kakin ya daskare kafin a kwashe.

Na batir

Kyandir na batir ya inganta ƙwarai, har akwai mai jikin kaki da haske mai ɗan motsi. A cikin gilashi mai duhu-duhu, daga nesa da wuya a bambanta shi da na gaske. Iska ba ta dame shi ba, ba ya ƙara zafi, ana kuma sake amfani da shi. A zaɓi mai haske ruwan ɗorawa, a sa sabon batir, a gwada kwana guda kafin biki. Hatsarinsa guda ne, kuma babba: ƙananan suna amfani da batir mai siffar kwabo, wanda idan yaro ya haɗiye yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awoyi. A duba cewa murfin batir ɗin da noti aka ɗaure shi.

Masu ado da yawa suna haɗa biyun: na gaske a teburin ango da amarya da 'yan teburan da ido ke kansu, na batir a bakin ƙofa, da ƙarƙashin fanka, da hanya, da inda yara suke. Wannan tsari yana rage kuɗi, yana rage aikin mai kula, yana kuma rage hatsari.

Kyandir ba ya cikin sharuɗɗan aure, ba kuma ya cikin al'adar da za a zargi wani don ya bari. Ƙawa ce, kuma wanda ya zaɓe ta ya ɗauki nauyin rayukan da ya gayyato. Idan kun ƙidaya awoyinku, kun gwada kayanku, kun samu gilashin da ya dace, kun kuma samu mutumin da zai tsaya a kan wutar daga farko har ƙarshe, ku kunna hankalinku kwance. Idan ɗaya daga cikin huɗun nan bai samu ba, ku sayi na batir, ku mai da hankali ga tarbar baƙinku.